Rigar da Kawu Babba Bai Cire Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a mayar da mu, ko daga Kano aka kira mutum ko daga Guangzhou. Yau kwana tara da rasuwar Kawu Babba, yayan mahaifiyata, kwana huɗu da sa shi a makwancinsa a maƙabartar Musulmi ta garin nan, bayan takardun hukuma sun riƙe mu. Ni kaɗai ce mai jin Hausa da ke tsaye a wurin sa'ad da abin ya faru, shi ya sa har yau ba a bar ni na yi kuka yadda ya kamata ba. Duk wanda ya ce min ya haƙuri, sai ya rage murya ya ƙara da tambaya ɗaya: wane inji ne a hannunsa?

Ga wanda bai san mu ba, Kawu Babba injin yanka itace yake aikawa gida, irin mai sarƙa da ake tayarwa da igiya. Ba manya na masu shiga daji ba, matsakaita, na mai gida da mai lambu da mai 'yar gona. Iri ɗaya tak yake sayarwa, ja, mai hoton ɓauna a jiki. Ƙaninsa, Kawu Ƙarami, shi kuma kore yake aikawa, mai hoton zakara. Sunayen kamfanonin babu wanda harshensa ke iya juya su, don haka daga nan har kasuwannin gida Mai Ɓauna da Mai Zakara ake cewa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma shekara tara ba su ci abinci a kwano ɗaya ba saboda waɗannan ƙarafa biyu.

A gidan Kawu Ƙarami da ke unguwar Sanyuanli aka yi zaman makoki. Maza a falo, ni da matarsa a ɗaki, ƙofa a buɗe kaɗan saboda zafi. Ban yi niyyar saurare ba, kunne ne ba shi da marufi.

Wani Alhaji mai sarin wandunan jins a Xintang ya shafa addu'a, ya gyara zama, ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji, mutumin kirki ne. Amma gaskiya ɗaya ce, Mai Ɓauna akwai harbi. Na sayi ɗaya saboda lambuna, ranar farko ya kusa raba ni da haɓata."

Wani ɗan Maraɗi ya ce, "Kai ne dai ba ka iya ba. Ka kafa bakinsa a reshe, to ina laifin inji? Nawa shekara biyar ko fulogi ban canza ba. Mai Zakara kuwa maƙwabcina ya saya, yana cikin aiki sarƙa ta fice ta tafi yawonta."

"An gyara wannan tuni. Kuma ba shi da nauyi, matata ma za ta iya ɗaukarsa."

"To ai ka gama magana. Na mata ne."

Aka yi dariya. Dariya, a zaman makokin mutumin da ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ɗalibin da aka ɗauko daga jami'a don ya ja addu'a sai da ya yi gyaran murya sau uku kafin ya samu wurin sa Fatiha. Na ji wani yana ba da labarin yadda ya sare darbejiya bakwai da tanki ɗaya, wani yana rantsuwa cewa ƙarya ne. Babu wanda ya ce Alhaji ya taɓa yi min kaza. Babu wanda ya tuna shi ne ke zuwa filin jirgi tarbar sababbin zuwa, ya kai su masauki, ya nuna musu inda ake cin halal. Rabin waɗanda ke falon nan shi ya koya musu hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na zauna ina jin muryoyinku, kuma ba zan ɓoye ba, na tsane ku a ranar. Har yanzu ban gama hucewa ba.

Washegari da la'asar Kawu Ƙarami ya kira ni baranda. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka duk cikinsu babu mai kama sunana. Kawu Babba Uwata yake ce min, shi kuma Hajiya Ƙarama.

Ya ce, "Hajiya Ƙarama, ba wani abu mai wuya nake nema ba. Magana ce ta minti ɗaya, ki ɗauka a waya, a sa a zauren 'yan kasuwa na waya. Ki ce birkin Mai Ɓauna ne bai kama ba. Rayukan jama'a za ki ceta."

Na ce, "Kawu, ba zan iya ba."

"To bidiyon fa? Kowa ya san ba a tayar da inji a siton marigayi ba ki ɗauka ba."

"Babu shi."

Sai ya ce, "Ke yarinya, a gidana kike kwana, fasfonki kuma yana cikin durowata. Ki yi tunani." Tun da aka haife ni bai taɓa ce min ke yarinya ba sai ranar.

Ban gama share hawaye ba sai ga waya daga Kano, babban ɗan Kawu Babba, wanda ke riƙe da shagonsu. Bai tambayi ko na ci abinci ba.

"Ana ta yaɗawa a kasuwa wai injin Baba ne ya kashe shi. Mutum biyu sun dawo da nasu yau. Na ji an ce inji biyu 'yan sanda suka ɗauka, ja da kore. Me ya kai kore sitonmu in ba turo shi aka yi ba? Ki faɗa wa duniya kore ne."

Na ce, "Yaya, ka bar ni."

"In kin rufa wa wancan mutumin asiri, ki sani jinin Baba yana wuyanki."

Bai san abin da ya taɓa ba. Na kashe wayar.

Tun da kowa magana yake so daga bakina, ga ta. Amma sai kun fara jin wane ne mutumin, domin na lura kun manta.

Bayan na gama sakandare ban samu gurbin ci gaba ba, ina zaune a gida. Kawu Babba ya zo hutu, ya gan ni ina ɗaukar hoton atamfofin Umma da waya ina tura wa masu saye. Ya ce da Umma, "Ba ni uwata ta taya ni aiki. Idona ya gaji da wayar nan." Haka na zo Guangzhou, wata goma sha ɗaya ke nan. Aikina in ɗauki hoton kaya da bidiyon gwaji in tura gida, ranar da babu aiki in je kasuwar Canaan in zaɓa wa Umma dogayen riguna.

Sitonsa yana can gefen Baiyun, cikin wani lungu, a harabar gidan wata tsohuwa 'yar Sin da muke kira Ayi, wato inna. Ita kuma laoban take ce masa, wato mai gida. Shekarunsa a garin nan sun fi goma, amma kalmomin Sinancinsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma da su yake ciniki, da su yake faɗa, da su yake gaida Ayi kullum safe. Abin da ya rage da hannu da gira yake ƙarasawa.

A aljihun gabansa abu biyu ne ba sa rabuwa, asuwaki da ɗan siririn magagari na wasa sarƙa. Zai zauna a kan kwali, ya shimfiɗa buhu a cinya, ya bi haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina kunna masa saƙonnin masu saye. Yawanci kuka ne.

"Alhaji, injin nan ya ƙi tashi."

Sai ya ce in danna, ya amsa, "Me ka zuba masa?"

"Fetur."

"Zalla? Ba ka haɗa da mai ba?"

"Zalla, Alhaji."

"To ka kashe shi. Ka tara maƙwabta ku yi masa salla."

In ya gama zagin, sai ya ce in rubuta wa Yaya a ba mutumin abin gyara. Haka yake. Bakinsa ya fi sarƙar kaifi, amma ban taɓa ganin ya bar mai inji da injinsa a mace ba, in dai ja ne.

Ba ya aika abin da hannunsa bai riƙe ba. Duk kayan da suka iso, sai ya farke kwalaye ya fito da wasu ya gwada a kan gungumen da ya tara a bayan sito. Mutanen masana'anta har dariya suke masa. Kuma duk wanda zai sayi inji a wurinsa sai ya haddace abu uku kamar karatun allo: ka haɗa fetur da mai, kada ka yanka da bakin inji, ka cire babbar riga kafin ka ja igiya. Na ukun ya fi nanatawa. Yakan ce, "Sarƙa ba ta san mai gida ba. Abin da ta kama nata ne." Na sha ɗaukarsa a bidiyo yana faɗar haka, amma kullum cikin rigar aiki mai tsukakken hannu da yake sawa a cikin ofis ya fito a shirye.

Akwai ranar da wani babban mutum ya zo daga gida, riga ta sha aiki har ƙasa, ya ce zai gwada da kansa. Kawu ya ce, "Alhaji, ko ka tuɓe ko ka ajiye." Mutumin ya ce shi ba yaro ba ne. Kawu ya karɓe injin daga hannunsa ya mayar cikin kwali. Cinikin da ya tashi ke nan, mutumin ya tafi wurin Kawu Ƙarami. Kawu Babba bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Gara ya zage ni da hannu biyu."

Ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Mutum ne mai riƙo. Mai Zakara ba ya kiransa da suna, sai dai injin markaɗe. Wani bawan Allah ya taɓa kawo masa kore ya duba, yana roƙo, ya ce, "Je ka wurin wanda ya sayar maka da kaza." Ni kaina, sati na biyu da zuwa, na ce koren ya fi kyau a hoto. Kwana biyu bai yi min magana ba, sai dai ya ajiye min abinci a bakin tebur ya wuce.

Asalin abin ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a gidan Kaka a Kano. A lokacin tare suke kasuwanci, Mai Ɓauna kaɗai. Sai Kawu Ƙarami ya samo koren, ya ce ya fi sauƙin ɗauka, masu gida za su fi so. Kawu Babba ya ce ba da sunansa ba. Ana cikin haka Kaka ta ce a sare mata darbejiyar tsakar gida, saiwarta na fasa rijiya. Kowannensu ya zo da nasa. Maimakon ɗaya ya bar wa ɗaya, sai wannan ya kama ta gabas, wancan ya kama ta yamma, maƙwabta sun cika soro ana kallo. Bishiya ba ta san wanda za ta bi ba, ta faɗa kan madafi ta rushe shi. Kafin ƙura ta lafa kowa yana cewa injin ɗan'uwansa ne ya karkatar da ita. Kaka ta fito da carbinta, ta dube su, ta ce, "Na haifi 'ya'ya biyu, na wayi gari da injuna biyu." Ta koma ɗaki. Har ta rasu ba su shirya ba. A nan Guangzhou masallaci ɗaya suke Juma'a, amma in wannan ya fita ta ƙofar dama, wancan sai ta hagu.

Yanzu ga amsar tambayar Yaya, abin da ya kai kore sitonmu. Ba turo shi aka yi ba. Kawu Babba ne ya saya da hannunsa.

Wata huɗu da suka wuce ina neman tsintsiya, na ɗaga tamfol a kusurwa, na ga Mai Zakara an warware shi gunduwa-gunduwa a kan buhu. Na ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Wanda za ka zaga, ka san nauyinsa. Mayar da tamfol."

Lokacin ne ake ta kukan sarƙar kore tana ficewa ana cikin aiki. Kwana uku yana kulle kansa da shi. A na huɗu ya kira ni, ya nuna min wani ɗan noti da ke kwancewa in inji ya yi zafi. Ya ce, "Ki je wurin matar ƙanina, ki ce a bakin 'yan masana'anta kika ji. Ta faɗa masa a sauya wannan, a sa mai wuya, wanda ba ya kwancewa. In kika ce ni ne, gobe kina Kano."

Na ce, "Kawu, ai kai wannan kukan yake yi wa amfani."

Ya ce, "Masu sayen shirmensa su ma 'ya'yan wasu ne." Ya ci gaba da goge hannu da tsumma, can ya ƙara da cewa, ba tare da ya dube ni ba, "Kuma uwarmu ɗaya."

Na kai saƙo. Aka gyara. Kawu Ƙarami ya yi dogon jawabi a zauren 'yan kasuwa cewa shi ya gano matsalar da basirarsa. Na kunna wa Kawu Babba, ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya har da tari, ya ce in sake kunnawa. Matar Kawu Ƙarami tana zaune kusa da ni yanzu da nake rubutun nan. Na faɗa mata gaskiya shekaranjiya. Duk mai shakka ya tambaye ta wa ya kawo mata maganar notin.

Saura ranar Juma'a.

Ranar Alhamis aka yi guguwar nan mai ruwa, wadda duk kuka gani. Na wanke masa 'yar ciki tun Laraba, ba ta bushe ba, ga garin kamar an rufe tukunya. Sai ya zura farar babbar rigarsa a kan singileti ya tafi masallaci. Da aka sauko ya biyo ya ɗauke ni, mu je mu duba ko ruwa ya shiga sito. Rigar aikinsa tana gida, ita ma a kan igiyar shanya, don ba aiki muka fito ba.

Muka tarar da mangwaron harabar ya faɗi, ya tare ƙofar Ayi. Tana tsaye ta ciki, tana leƙowa ta tsakanin ganye, tun jiya ba ta fita ba. 'Ya'yanta suna wani gari, ma'aikata kuma suna can suna fama da manyan tituna. Matar nan ita ke ajiye min lemo a bakin taga, ita ta ba ni lema ranar da ruwa ya fara dukana a garin nan. Tana ganin Kawu ta hau magana da sauri tana nuna bishiyar. Ya ɗaga mata hannu ya ce, "Ayi, meyo matsala." Meyo shi ne babu.

Ya shiga sito ya fito da inji biyu, ja da koren nan da ya mayar ya haɗa. Yana murmushi ya ce, "Yau za mu ga ƙaryar kowa." Ya zuba musu mai, ya gwada sarƙa da yatsa. Sai ya tsaya, ya dubi rigarsa.

Ya yi wa Ayi alama da hannu ta koma cikin ɗaki. Ta koma. Ya juyo gare ni.

"Uwata, shiga ofis ki jira ni."

Na ce, "Kawu, Yaya ya daɗe yana cewa in samo masa bidiyon bishiya ta gaske, ba gungumen gwaji ba. Ga ta Allah ya kawo."

"Na ce ki shiga."

"Minti biyu kawai, Kawu. Daga nan nesa zan tsaya."

Na riga na ɗaga waya. Ina dariya ma. Ban gane ba. Wallahi ban gane abin da yake nufi ba sai daga baya. Na ɗauka tsoron kada reshe ya same ni yake yi. Mutumin da ko hularsa ba ya cirewa a gabana, wanda in na shigo yana alwala yake sauke hannun riga, ta yaya zai tsaya da singileti a gaban mai sunan uwarsa, kuma a ɗauke shi a waya? Da ya daka min tsawa da na tafi. Kowa yake daka wa tsawa, ban da ni.

Ya dube ni, ya girgiza kai. Ya tattara hannun rigar ya naɗe a kafaɗa, dama da hagu, kamar yadda maza ke yi in za su ci tuwo. Ya sake naɗewa. Ya ja igiya.

Ya gama da rassan lafiya. Ya sauya inji, ya sake sauyawa, yana magana shi kaɗai, ƙara ba ta bar ni na ji ba. Sannan ya sunkuya kan gindin. Ina kallo ta cikin waya na ga hannun rigar na dama ya zame daga kafaɗarsa, a hankali, kamar ana sauke labule. Na buɗe baki. Ban sani ba ko na yi magana.

Sarƙa ta kama rigar ta naɗe, ta fizgo injin zuwa cinyarsa. Abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba.

Ba zan rubuta abin da na gani a ƙasa ba. Ayi ta fito ta kan rassan, tsohuwar da ke tafiya da sanda, ta kwance ɗamararta ta girki tana ihu ana kiran motar asibiti. Don ta ɗaure ƙafar sai ta yage rigar da wandon. Ni na durƙusa ina riƙe da kansa. Ya buɗe ido ya gan ni, ya ga abin da Ayi ke yi, ya ce da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba, "Uwata, juya baya."

A wannan karon na ji magana. Na tashi na fuskanci bango. Ina kallon bulo na ji yana kalmar shahada, sau biyu a bayyane, na ukun ban ji ƙarshenta ba. Motar asibiti ta zo da wuri, sun yi iya yinsu. Kafin a isa ya cika.

'Yan sanda sun ɗauki injinan biyu domin duka suna wurin, duka da ɗumi. Sun kalli bidiyon, sun rubuta cewa tsautsayi ne, suka mayar min da wayata. A cikin tasi, kafin mu kai Sanyuanli, na goge shi. Na shiga inda gogaggu ke taruwa na sake gogewa. Ba zan bari a riƙa tura mutuwar Kawu daga waya zuwa waya ana tsayar da hoto ana duba launi ba.

To ga shi kun ji. Birki bai ƙi kamawa ba. Sarƙa ba ta fice ba. Babu wanda ya turo komai. Injin ya yi abin da aka ƙera shi ya yi, ya kama abin da ya samu, kamar yadda Kawu ya sha faɗa muku. Kunya ce ta hana shi cire riga, ni ce kuma na ƙi ba shi wuri. Yaya, ka ce jinin Baba yana wuyana in na rufa wa wani asiri. Asirin da nake rufewa kwana tara nawa ne. Na san kwana ne ya ƙare, malamai sun faɗa min, Umma ta faɗa min a waya tana kuka. Na yarda. Amma ko ƙarar injin niƙa na ji daga gidan maƙwabta sai in toshe kunne, kuma duk farin yadi da na gani a shanya sai na ga yana zamewa.

Wanda ke hannunsa a lokacin, ja ne ko kore, na sani. Ni kaɗai na sani cikin masu jin Hausa, kuma da shi za a binne ni. Ba za ku sa shi a talla ba. Alhaji mai jins, ɗan Maraɗi, da duk wanda ya yi dariya a falon nan, ku ci gaba da musunku har tashin kiyama, amma ku fitar da Kawuna daga ciki. In kuna son ku yi masa wani abu, kowane launi kuke sayarwa, ku faɗa wa mai saye abu na uku. Ku ƙara da na huɗu daga gare ni: in babba ya ce ki shiga ciki, ki shiga, kada ki tsaya tambayar dalili.

Kawu Ƙarami, ina jin muryarka a falo yanzu, kuma na san kafin in ajiye wayar nan za ka karanta. Fasfona yana durowarka, ka yi yadda ka ga dama da shi. Abu ɗaya ne a wurina da ba ka sani ba. Da Ayi ta yage rigar, asuwakinsa da magagarinsa suka faɗo, na tsince su. Asuwakin Umma zan kai wa. Magagarin na ajiye maka a kan durowar, a naɗe cikin hankici. Da shi ya wasa sarƙar korenka ranar da ya mayar da shi ya haɗa, haƙori ɗaya bayan ɗaya, yana zaginka.

Allah ya jiƙan Kawu Babba, ya yafe masa kaifin bakinsa saboda taushin hannunsa. Ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, ya sada shi da Kaka cikin rahama. Yadda ya suturta kansa a gabana har numfashinsa na ƙarshe, Allah ya suturta shi ranar da babu mai riga. Ni kuma Allah ya yafe min minti biyun nan.